Zanen da ke Cikin Kwalin Comot

Matata Rokiah ta gargaɗe ni tun kafin abin ya faru. Tana durƙushe a madafa tana matse kwakwa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Abang, wannan kallon da kake yi wa yaron nan da kyanwar nan, wata rana zai sa ka yi abin da za ka ji kunyar faɗa." Abang take ce mini, yadda mata suke kiran mazajensu a nan. Na ce mata ta ji da kwakwarta. Bayan mako biyu na yi abin, kuma ga shi har yau ban iya faɗa wa 'yata ba.

Sunana Deraman. A bakin teku muke, kudu da garin Marang, ina niƙa kifi ina yin keropok, wani abin taunawa na kifi da gari, ina soyawa a rumfata ta bakin titi. 'Ya ɗaya Allah Ya ba mu, Izzati, muna ce mata Zati, tana aiki a wani kantin magani a cikin gari. Mutane suna cewa na cika fargaba. Ban musa ba. Sau uku nake duba tukunyar gas kafin in fita. In Zati ta yi lattin minti goma, na riga na fito titi ina leƙen babura.

Shekara uku da suka wuce aka rushe tsohuwar kasuwar kifi za a gina sabuwa. Magunan da suka tashi a cikinta suka watse, wasu mota ta take su, wasu karnuka suka cinye. Zati ta yi kwana shida tana ɗana musu kwando, ta dawo gida da guda uku, hannuwanta duk yakushi. Ta zuba su a ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin gidanmu, tsakanin ginshiƙai, inda muke tara tsofaffin komaye. Sannan ta yanki kwali ta rubuta dokoki ta liƙa a ƙofar. Kada a kalle su cikin ido. Kada a tsaya a kansu. Kada a kira su. Kada a miƙa hannu.

"Wannan ai dokokin fadar sarki ne," na ce.

"Ayah," ta ce, wato Baba, "ba su taɓa ganin hannun mutum ba sai ya zo da jifa ko ruwan zafi. Ka bar su su zo da kansu."

Da yake tana fita aiki da sassafe, ciyarwar safe ta dawo wuyana. Kullum in dafa kawunan kifi ba gishiri, in cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya da yatsana, in kai. Biyu daga cikinsu suka sake cikin wata takwas, har suna cin abinci kusa da ƙafata. Ta ukun ita ce Comot, wadda muka sa wa sunan saboda baƙin tabon da ya ɓata mata rabin fuska kamar ta faɗa tukunya. Comot ba ta taɓa ci ina ɗakin ba. Da ta ji takuna a tsani sai ta shige bayan randa, sai idanu biyu kawai. In na matsa, ta kwantar da kunnuwa ta yi mini huci. Zati kaɗai take yarda ta taɓa ta, ita ma sai bayan shekara guda da rabi, kuma da yatsa ɗaya, a ƙarƙashin haɓa.

Rokiah ta samu abin tsokana. "Mutum yana warin kifi daga gashi har farce, amma kyanwa ta ƙi shi. Wannan sai a kai ka wurin mai magani, Abang."

"Lokaci ne bai yi ba."

"Numfashinka take ji. Kana shiga kamar wanda zai rubuta jarrabawa."

Ina dariya in ta faɗa, amma abin yana yi mini ciwo. Shekara uku ina cire ƙaya.

Hazim ya shigo gidanmu ne ta dalilin injin jan ruwa da ya lalace. Makanikin injinan jiragen kamun kifi ne, siriri, ba shi da yawan magana, in ka yi masa tambaya sai ya ɗan yi shiru kamar yana neman amsar a aljihu. Zati ce ta ce a kira shi, ni kuma ban tambayi inda ta san shi ba, abin da ya kamata in tambaya ke nan. Ya kwance injin, ya zauna a ƙasa daf da ƙofar ɗakin ajiya, ya ba ta baya, yana wanke ƙananan ƙarafa a cikin gwangwanin kananzir. Ƙofar a ɗan buɗe take don iska. Ni ina kan tsani riƙe da kofin shayin da zan kai masa.

Sai na ga Comot ta fito daga bayan randa. Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta ƙara uku. Ta miƙa wuya ta sansana diddigensa, sannan ta zauna a bayansa ta naɗe wutsiya a ƙafafunta, kamar ta biya kuɗin wurin. Shi kuwa ko motsin kafaɗa bai canza ba, yana ta goge ƙarfensa.

Tsanin ya yi ƙara a ƙarƙashina, ta yi wuf ta koma.

"Ka san abin da ya zauna a bayanka yanzu?" na tambaye shi.

"Na ji ta, Pak Cik," ya ce, wato Kawu, yadda yara suke kiran manya a nan.

"To me ka yi mata?"

Ya yi shirun nan nasa. "Ba komai. Ba na son komai a wurinta, shi ke nan."

Na ajiye masa shayin da ƙarfi har ya zube a faranti. Wato ni ne mai son wani abu a wurin kyanwa.

Da Zati ta dawo, Rokiah ba ta bari ta cire hular kwano ba ta ba ta labari. Na ga fuskar 'yata ta haskaka irin hasken da na daɗe ban gani ba. Ta sauka ƙasa da sauri. Ni da na ciyar da kyanwar nan sau dubu, ba a taɓa sauka tsani da gudu saboda ni ba.

Ba a yi wata uku ba gwaggonninsa suka zo nema masa auren Zati, da zobe a kan tire. Ban ƙi ba, babu abin ƙi. Yana salla, yana da sana'a, ba ya shan komai sai shayi. Na bincika har wurin limamin unguwarsu ina fatan in ji wani ɗan aibi ko da ƙarami ne, aka ce mini yaron kirki ne. Aka sa rana bayan damina. Ya samu aiki a Kemaman, can za su zauna, tafiyar kusan awa biyu. Zati ta fara ce masa Abang Zim a gabana. Shekara ashirin da shida mutum ɗaya ake kira Abang a gidan nan.

Abu ɗaya ya riƙe ni. Na ce a raina, Comot ba ta tafiya ko'ina. Kyanwar da ko tsakar gida ba ta fitowa, wa zai sa ta a mota? Tana nan ƙarƙashin gidana, kuma muddin tana nan, Zati za ta zo duk Juma'a ta duba ta. Ban faɗa wa kowa wannan lissafin ba, amma da shi nake barci.

Wata safiya na shiga da kwanon kifi, na ga an canza shimfiɗar kwalin da Comot take kwana a ciki. An cire tsohon tawul, an sa zanen maza, irin wanda muke ɗaurawa mu tafi masallaci, shuɗi mai gida-gida. Na ɗauka nawa ne, don ina da irinsa sak, wanda duk rabin mazan garin nan suka saya a shago ɗaya da sallar bara. Har zuciyata ta yi sanyi. Na ɗaga shi na kai hanci, sai na ji warin man inji.

Da yamma na tare Zati a kan tsani.

"Zanen wa ye a kwalin can?"

"Na Abang Zim ne. Na ce ya kwana uku da shi kada ya wanke."

"Ba mu da tsumma a gidan nan ne?"

Ta zauna a matakalar da ke ƙasa da tawa. "Ayah, don ta saba da warinsa ne. In ta yi wata biyu tana kwana a kai, ranar da muka kai ta can za ta ji wani abu da ta sani. Da kwalin da zanen za mu ɗauke ta, a rufe. Haka ake yi."

"Kai ta ina?"

"Kemaman mana."

Na ce mata kyanwar za ta mutu a hanya. Na ce gidan haya ba wurin kyanwar kasuwa ba ne. Na ce iskar can daban ce. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, "Ba ta cin abinci sai kowa ya fita, Ayah. In ba na nan, wa zai taɓa ta ya san ko tana da ciwo? Sauran biyun zan bar maka, ai sun saba da kai."

Sun saba da ni. Waɗannan biyun ko mai karanta mitar wuta ya zo sai sun goga masa jiki. Ta bar mini waɗanda ba sa bukatar kowa.

A ranar ne Rokiah ta yi mini gargaɗin nan. Na yi mako biyu ina shiga ɗakin ina ganin Comot ta lotsa tsakiyar zanen da kwanciya, gashinta duk a jiki. Sai wani tunani ya zo mini, kuma a lokacin ya yi mini kama da hankali. In wari ne yake sa sabo, to ni ma ina da wari. Ba a taɓa ba ni dama ba ne kawai. In ta saba da nawa, ta fito gare ni kamar yadda ta fito gare shi, me Zati za ta ce kuma?

Na ɗaura shuɗin zanena kwana uku, da shi nake suya, da shi nake barci. Rokiah ta ce in kawo ta wanke, na ce bai yi datti ba. Ran Laraba da safe, bayan Zati ta tafi aiki, na sauka da shi a naɗe a hammata. Comot tana bayan randa. Na cire na Hazim, na shimfiɗa nawa, na lotsa tsakiyarsa da dunƙulen hannu don ya yi kama. Na hau sama na cusa nasa a ƙasan kwandon wanki, na dawo. Na zauna a ƙasa na ba kwalin baya, yadda na ga ya yi. Ƙofar na bar ta a ɗan buɗe, yadda take a ranar.

Abin da na manta shi ne gwiwoyina. Shekara goma ke nan kullum sai na shafa musu man zafi safe da yamma, har hancina ya daina jin sa. Zanen ya sha shi ya ƙoshi.

Na daɗe a zaune har ƙafata ta mutu. Can na ji ɗan motsi. Na saci kallo ta gefen ido, na gan ta ta nufi kwalin, cikinta yana shafar ƙasa. Ta sa kai ciki. Sai ta yi baya da sauri kamar an watsa mata wuta, ta yi atishawa sau biyu, tana yamutsa fuska tana goge hanci da hannu. Ta sake leƙawa, ta sake ja da baya. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana waige-waige. Wurin kwananta ne kaɗai abin da ta yarda da shi a duniya, ga shi ya juya mata.

Da na zauna shiru, da wataƙila ta koma bayan randa. Amma tausayi ya kama ni, da tsoro, da haushi, duk a haɗe. Na juyo gaba ɗaya, na kalle ta cikin ido, na miƙa hannu na ce, "Comot, zo mana, ni ne."

Dokoki huɗu, na karya uku a numfashi ɗaya. Da na yunƙura na miƙe a kanta na cika ta huɗun. Ta bi ta tsakanin ƙafata da bango, ta fice ta ƙofar, ta ratsa ƙarƙashin gidan maƙwabcinmu ta nufi wajen bakin kogi inda ake jan jirage. Na bi ta ina kira, wanda shi ma kuskure ne. Kafin in zagaya katangar, ta yi layar zana.

Na buga wa Zati waya na ce iska ce ta buɗe ƙofar. Ta baro aiki ta zo, ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta bi ƙarƙashin gidaje a durƙushe tana ɗan kaɗa cokali a kwano, ɗankwalinta yana kwasar yanar gizo. Hazim ya iso da azahar. Ya tsaya ya dubi wurin, ya ce, "Kada a bi ta. Irinsu ba sa nisa, tana nan kusa ta maƙale a wani rami tana jin mu. A fito da kwalinta a sa ƙarƙashin tsani, da zanen a ciki. In gari ya yi shiru za ta biyo warin."

Zati ta ruga ta ɗauko kwalin. Na tsaya ina kallo. Na san abin da ke ciki shi ya kore ta, kuma muddin yana nan ba za ta matso ba. Na ɗaga kai sama, sai na hango igiyar shanya. Rokiah ta yi wanki da hantsi. Zanen Hazim yana can yana ɗiga, ya sha sabulu.

Kalma biyar kawai zan faɗa gaskiya ta fito. Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa, "Ko a ƙara kifi?"

Hazim ya durƙusa zai gyara shimfiɗar. Ya ɗaga zanen, hannunsa ya tsaya. Bai kai shi hanci ba ma, daga nan ya ji. Ya dubi igiyar shanya. Ya dubi gwiwoyina. Bai dubi fuskata ba, kamar yadda ba ya duban fuskar kyanwa.

"Zati," ya ce, "wannan ya sha iska, warin ya gudu. Kawo ɗankwalin da kika kwana da shi jiya, naki ya fi ƙarfi a wurinta."

Ta hau sama da gudu. Ya naɗe zanen ƙanƙane, ya miƙo mini ta ƙasa-ƙasa ba tare da ya juyo ba.

"A sa a wanki, Pak Cik."

Na karɓa. Wallahi da ya tona ni a gabanta da ya fi mini sauƙi, da na samu abin da zan riƙe a kansa har tsufana. Ya karɓe kyanwar, ya karɓe 'yar, yanzu kuma ya rufa mini asiri a ƙarƙashin gidana, ko godiya bai tsaya jira ba. Na tsaya da zanen a hannu ina jin kishinsa fiye da kowace rana.

Rokiah ba ta bukaci kowa ya gaya mata ba. Da la'asar tana ninke kaya ta ɗaga zannuwa biyu shuɗɗa, ɗaya a kowane hannu.

"Ikon Allah. Zanenka ya haihu, Abang."

Ta matso da su kusa da fuskata.

"Wanne ne uwar, wanne ne ɗan?"

"Kiah, don Allah."

Ta ajiye su, murmushin ya bar fuskarta. "Ba zan faɗa mata ba, ba ni na yi ba. Amma ka sani, yarinyar nan tana can tana cewa laifinta ne da ba ta gyara sakatar ƙofar ba. Tun ɗazu take faɗa."

"Zan gaya mata."

"Yaushe?"

"In kyanwar ta dawo."

"In ba ta dawo ba fa?"

Ta koma kan ninke kayanta.

Yau kwana goma sha ɗaya. Kwalin yana ƙarƙashin tsani da ɗankwalin Zati a ciki, tana canza shi duk bayan kwana biyu. Mun rufe sauran biyun a ɗakin ajiya don kada su cinye abincin da muke ajiyewa a waje. Kullum da safe mukan tarar an ci rabin kifin an bar rabi. Zati ta ce haka Comot take ci. Maƙwabcinmu ya ce shi ma muzurun da ke yawo a bakin kogi haka yake ci. Hazim ya barbaɗa garin sago, wanda nake yin keropok da shi, kewaye da kwanon don a ga sawu, aka ga sawun kyanwa, amma sawu ba ya nuna fuska.

Bayan sallar asuba nakan sauko in zauna nesa da kwanon, in ba shi baya, in yi ta kallon titi har rana ta ɗaga. Na daina shafa man zafi, gwiwoyin suna ba ni wuya. Sau biyu na ji motsi a bayana ban juya ba. Jiya Zati ta sauko kafin ta tafi aiki ta zauna kusa da ni, ita ma ta ba kwanon baya, kafaɗarta tana taɓa tawa. Ta ce a hankali, "Ka iya yanzu, Ayah." Ban gane ko yabo ne ko wani abu take nufi ba. Saura kaɗan in gaya mata gaskiya, na fasa.

Saura kwana ashirin da uku ɗaurin aure. In Comot ta dawo, za a rufe ta a kwali a tafi da ita Kemaman. In ba ta dawo ba, Zati ta ce za ta riƙa zuwa duk Juma'a tana nema har sai ta ga gawarta. Abin da na so ke nan tun farko, kuma yanzu da ya zo ba na iya kallon sa.

Ban san ko Comot ce take cin kifin ba. Ban san ko Hazim ya gaya wa Zati abin da ya ji a zanen nan ba, ko kuwa ita ma ta ji da hancinta tun da ta ɗauko kwalin, tana jira ne in zo da kaina.